Abin da Baba Rahmin Ya Binne

Zazzaɓin daga ƙafa ya taso mini. Na fita zubar da ruwan wanke-wanke a ƙofar gida ba takalmi, kamar yadda na saba tun ina amarya, sai wani abu ya yanke ni a tafin ƙafar hagu. Na ɗaure wurin da tsumma na koma kan kaskona. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta haye, zafi ya bi jijiya ya hau har kaina, ya zama in na rufe ido sai in ji ɗaki yana juyawa da ni a hankali.

Ina cikin wannan hali Mas'uda ta ɗora mini kayan da suka fi ƙarfina.

Sunana Tasalla, ƙosai nake soyawa a bakin lungunmu. Mas'uda kuwa 'yar Baba Rahmin ce, Bayahuden da muka yi katanga ɗaya da shi har ya rasu bara. Mutumin Tarabulus ne, ya zo garin nan da ƙuruciyarsa yana sayen fata, ya tsufa yana gyaran agogo. Matarsa ta gaji da zaman, ta ɗauki yarinyar tun ba ta gama famfara ba ta haye teku da ita, shi kuma ya ce zai biyo su. Bai bi ba. Yanzu ga Mas'uda ta dawo da furfura a kanta da Hausarta mai tsatsa, za ta kafa masa dutse a kabari kafin shekara ta zagayo, kamar yadda suke yi.

"Yaya," ta ce da ni, "akwai kalmar da muke sa wa mutum bayan sunansa. Hasid. Ba sarki ke naɗa ta ba, ba a makaranta ake samunta ba. Mutane ne ke faɗa, in sun ga mutum ya wuce abin da doka ta ɗora masa a tsoron Allah da alheri. Gwaggona ta rantse haka yake. Mahaifiyata ta mutu tana cewa ƙarya ne. Malaminmu ya ce kada in sassaƙa sai wanda ya zauna da shi ya shaida. Ni ban san shi ba, ko abu ɗaya ban riƙe daga gare shi ba. Ke za ki faɗa, e ko a'a."

Ta zauna ta yi ta ba ni tarihin kalmar, wane zamani, wace ƙasa, ni kuwa kaina yana sarawa, ina jin rabi rabi yana zubewa. Abin da na riƙe shi ne mai sassaƙar dutse zai zo bayan la'asar, kuma ni yake jira.

To me zan ce? Mutumin nan masifaffe ne, Allah ya sani. Ƙosaina kaɗai yake ci a lungun, wai wake da man gyaɗa ba su da laifi a addininsa, amma bai taɓa ci bai kushe ba. Sa'an nan ga maganar da kowa ya sani. Kullum da sassafe sai ya bi lungun a sunkuye da wani gwangwanin madara, yana tsintar abubuwa a inda mutane suka taka, ya je gindin katanga ya haƙa rami har hannunsa ya shige zuwa gwiwa, ya juye, ya rufe, ya tattake. Mu nan mun san abin da ake kira ɗiban sawu, mun san binne asiri. Iyaye mata suka hana yara tsallake inda ya haƙa. Sau ɗaya na leƙa gwangwanin na ga ƙusoshi da allura da fasasshiyar kwalba, wato kayan aikin boka sak. In na ce e, wataƙila na yi shaidar zur a kan kabari. In na ce a'a, na sallami baiwar Allah da uba tsirara. Da wannan na kwanta bayan azahar, tabarma tana ƙona mini baya, idona yana nauyi.

Sai na ga shamuwa tsaye a ƙofar ɗakina, alhali ko hadari bai fara taruwa ba. Tabaran Baba Rahmin ne a kan bakinta, wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare.

"Tashi," ta ce. "Ana jiran shaidarki."

"Ƙafata ba ta takuwa."

"Ɗauko ta. Ita ma za a tambaye ta."

Na sunkuya na cire ƙafar kamar yadda ake cire takalmi, na ƙulle ta a gefen zane, na miƙe. Abin bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne na bar mai a kan wuta, amma da na waiwaya sai na ga babu murhun, babu ɗakin, babu lungun. Fili ne fetal, ƙasa ja, sama kuma ta sauko ƙasa ƙasa har ina jin ta tana shafar ɗankwalina.

"Ke wace ce a wannan magana?" na tambayi shamuwar.

"A harshen su Baba Rahmin, sunana daga tushen kalmar ya fito. Wai don ina ciyar da 'yan'uwana."

"Ashe ke Hasid ce, mu huta."

"Sun ba ni sunan, sun kuma sa ni cikin tsuntsaye marasa tsarki."

"Don me?"

"Wai alherina bai wuce shamuwoyi ba."

Ta faɗi haka ba fushi, ta ci gaba da tafiya tana ɗaga dogayen ƙafafunta. Ni dai na ga tun ba a je ko'ina ba an fara rikita ni.

Muka iske igiyar shanya, ba a ganin inda aka ɗaure bakinta ta gabas ko ta yamma. Riga ɗaya ce tal a kanta, tsohuwa, an yi mata faci har ba a gane asalin yadin. Babu iska amma tana kaɗawa. Da muka matso sai ta ɗaga hannu ɗaya ta gaishe ni.

"Ni ce kalmar," in ji rigar.

"Sannu. Wa ya ɗinka ki?"

"Da farko zare ce ni a bakin mawaƙa, masu yi wa Ubangiji waƙa da molo. Alherin da ba a tilasta wa mutum ba, shi ne zaren. Daga baya aka saƙa ni, aka fara sa wa mutane."

"To na wane ne ke?"

"Kowa ya sa ni sai ya rage nan ya ƙara can. Biyo ni ki gani."

Ta zame daga igiyar ta yi gaba, tana tafiya a tsaye kamar da mutum a ciki. Muka bi ta, shamuwa da ƙafafu biyu, ni da ɗaya, kuma duk da haka ba a bar ni a baya ba.

Filin ya zama gindin tsauni. Wasu dattawa na zaune a kan duwatsu, sun yi shiru, hannuwa a kan gwiwa. Ƙirjin kowannensu a buɗe yake kamar taga, ana hango tsaunin ta ciki. Rigar ta sauka a kafaɗar ɗaya, ta tashi ta koma kan na kusa da shi, ba wanda ya ko motsa.

"Me kuke jira, bayin Allah?" na ce.

"Zukatanmu," in ji wanda ya fi su tsufa. "Ba ma fara addu'a sai sun iso."

"Ina suka tafi?"

"Tawa tana kasuwa. Ta wancan tana gidan surukai tun jiya."

Can sai ga su suna gangarowa kamar awaki da yamma, wata tana warin albasa, wata da ƙura, wata tana ɗingishi. Kowace ta nemi tagarta ta shige. Sai da ta ƙarshe ta iso sa'an nan suka miƙe tare suka fuskanci inda za su fuskanta. Na ji wani sanyi a raina, na kuma ji kunya, don ni tawa zuciyar sau da yawa sai na yi sallama take shigowa. Amma ba ta kaina na zo ba.

"Kun san wani Rahmin, mai gyaran agogo?"

Ba su amsa ba, sun riga sun shiga addu'a. Shamuwa ta ce waɗannan su ne na farko, waɗanda aka soma kira da sunan. Na tuna Baba Rahmin yana tsaye gaban bango yana rangaji shi kaɗai, yana guna-guni da sauri kamar wanda mota za ta bari. Wannan bai taɓa jiran zuciyarsa ba. Ko ruwan shayi ba ya iya jira ya tafasa.

Tsaunin ya buɗe baki muka shiga. Kogo ne cike da maza da mata da yara, an hura wuta a ƙofar daga waje, hayaƙi yana shigowa. Mazan suna da takubba, amma duk a cikin kube. Rigar ta rataya a jikin wani saurayi, gefenta ya fara ci.

"Ku zare mana," na ce musu. "Ga maƙiya a ƙofa."

"Yau Asabar ce," in ji saurayin. "Ranar hutunmu ce, ba ma ɗaga makami."

Na buɗe baki zan yi masa faɗa irin wanda nake yi wa 'ya'yana, sai hayaƙin ya yi fari ya fara zuba ƙasa. Kogon ya ɓace. Muna tsaye a wata ƙasa da farin abu ya rufe ta kamar an zazzage buhun gishiri, sanyi yana shiga har ɓargo. Wasu mutane ramammu suna zaune a cikin farin abin da gangan, leɓɓansu sun bushe da azumi. Rigar ta koma tsumma mai kaushi a jikinsu.

"Mu muke hora jiki kafin ya hore mu," in ji ɗaya, haƙoransa na kaɗawa.

Ban ko sami bakin tambayarsa ba sai ƙasa ta fara girgiza. Ga wasu nan sun fito daga cikin itatuwa, da dogayen baƙaƙen riguna da hulunan gashi, sun kama kafaɗun juna suna rawa suna waƙar da babu kalma a cikinta. Inda suka taka sai farin abin ya narke. Na duba da kyau na ga rigar nan ce a jikinsu duka, an yayyanka ta ta ishi kowa, har da jarirai a hannun iyayensu.

"A da, mutum ɗaya ake ba ni a gari guda," rigar ta raɗa mini daga bakuna masu yawa. "A nan na zama sunan jama'a. Ana haifar yara a cikina."

"Kina jin daɗin haka?"

"Ina jin ɗumi. Ban sani ba ko shi ne daɗi."

Na tsaya a tsakiya na dafe kai. Waɗannan sun ce a zauna shiru, waɗancan sun ce a mutu, wasu a ji yunwa, wasu a yi rawa, kuma duk riga ɗaya. Na bi su ɗaya ɗaya ina tambaya ko sun san Rahmin. Masu azumi suka girgiza kai. Masu rawa suka ce in shigo da'ira tukuna. Na ce da shamuwa wallahi an mai da ni 'yar kallo, ni da aka aiko neman e ko a'a.

"Ba ki ga mafi muni ba," ta ce.

Ruwan da ya narke ya taru ya zama kogi a gabanmu. A bakin kogin wani mutum yana tsaye sanye da rigar, an wanke ta an buga ta tana ƙyalli. Ya juya wa ruwan baya, ya rufe ido da tafin hannu. A bayansa mace ce ke nitsewa, kanta yana fitowa yana komawa.

"Malam, ga mutum na mutuwa a bayanka."

"Mace ce," ya ce. "Bai kamata irina ya kalle ta ba."

Rigar ta fara shaƙe wuyanta da kanta. "Cire ni daga jikinsa," take cewa, "cire ni."

"Shi ma suna da suna dominsa," in ji shamuwa. "Wawan Hasid. Malamansu sun ce irinsa ne ke rushe duniya."

Kan matar ya sake fitowa, sai na ga fuskar Mas'uda ce, ba ta yanzu ba, ta ƙaramar yarinyar da take zuwa gaban kaskona da wawulo a baki tana miƙo hannu. Na zagaya in ga fuskar mutumin, amma ko ta ina na bi ƙeyarsa nake gani. Tsayinsa tsayin Baba Rahmin ne. Kunnuwansa ma kamar nasa. Tsoro ya kama ni, don na san in shi ne, to an gama magana, sai dai in koma in karya wa matar nan zuciya. Ban tsaya na tabbatar ba. Na faɗa ruwan da ƙafata ɗaya na kamo hannun yarinyar, hannun ya narke a cikin nawa, ruwan ya ja ni ƙasa.

Na sauka a busasshen wuri. Da na ɗaga kai sai na gane inda nake: ƙarƙashin lungunmu ne. Ƙasar da muke takawa ita ce rufin, kuma daga nan ana ganin komai ta cikinta. Tafin ƙafafu ne ke wucewa a sama, ba a ganin masu su. Amma na san su. Ga fason Lantana mai tuwo. Ga ƙananan ƙafafun 'yan makarantar allo suna tsere. Ga na makahon da ke bi da sanda kowace Juma'a, ga na amare da lalle, ga na jikokina. Duk ba takalmi, suna taka ƙasa da sakin jiki, ba wanda ke duba inda zai sa ƙafa.

Ƙasan wurin kuwa haske ne. Tsibi tsibi, kamar rumbuna, kore da ruwan ƙasa da fari. Na matsa na ga fasassun kwalabe ne da ƙusoshi da reza da ƙaya da allurai, kuma suna magana ƙasa ƙasa dukansu.

"Ni diddigen Lantana aka nufa da ni," in ji wani ɓallin kwalba.

"Ni ɗan yatsan makaho," in ji wata ƙusa mai tsatsa.

"Ni jikarki Kubura, ranar da ta fara tafiya," in ji wata reza. "Saura kaɗan. Ya riga ni."

Wata tsohuwar garma tana jingine a gefe, ta yi gyaran murya.

"Na farkon nan da kika gani suna jiran zukatansu," ta ce, "ba zama kaɗai suka iya ba. In kwalba ta fashe ko sun sare ƙaya, ba sa watsarwa a hanya, ba sa cusawa a katanga. Rami suke yi mai zurfin da bakina ba zai tono ba. Na yi noma a gonakinsu har na dakushe, ban taɓa cin karo da komai ba."

"To me ya sa ba su faɗa mini ba?"

"Ba ki tambaye su wannan ba."

Sai gefen zanena ya motsa. Ƙafata ce ta kwance ƙullin da kanta ta diro, ta tsaya a gabana da tsummanta.

"Ni ma a ji tawa," ta ce. "Tun aka kawo ki lungun nan nake bin sa tsirara, rani da damina. Ban san kwalba ba sai bana."

Na lissafa a raina, bana ce shekarar da babu mai gwangwani.

Daga bayan wani tsibi na ji ƙarar haƙa. Na zagaya na same shi a durƙushe, da singiletinsa mai huda a kafaɗa, hannunsa a rami zuwa gwiwa. Bai ɗago ba.

"Tasalla," ya ce, "ƙosan jiya gishiri ya yi yawa."

"Baba, ka mutu tun bara."

"Shi ya sa na daɗe ina jin ƙishirwa."

Na durƙusa kusa da shi. Raina ya cika da abubuwa biyu da ba sa zama wuri ɗaya, tausayi da haushi.

"Shekara da shekaru ana cewa asiri kake binnewa. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Da na faɗa, da an fara gode mini. Ba ni da lokacin amsa gaisuwa."

"Kai ne na gani a bakin kogi?"

Hannunsa ya tsaya a cikin ramin. Ƙafafu suna ta wucewa a samanmu.

"Na ce musu zan biyo su in na gama tsince lungun," ya ce. "Lungu ba ya ƙarewa. Na san haka tun ranar da na faɗa."

Ya zaro hannun ya buɗe mini tafinsa. Wani siririn ɓallin kwalba ne a nitse a tsakiya, naman ya rufe rabinsa.

"Wannan na binne ta ba adadi. Da safe sai in same ta a nan."

Shamuwa ta sauko ta tsaya tsakaninmu, ta gyara tabaran da ƙafa.

"Ni na ciyar da nawa na bar na waje," ta ce. "Shi ya tsare ƙafafun na waje ya bar 'yarsa guda ɗaya tana tafiya a duniya. Ke ce mai shaida. Wa ya fi wani?"

"Ni ƙosai nake soyawa," na ce, ina jin hawaye. "Ku daina tambayata abin da malamai suka kasa."

Sai ga rigar tana saukowa ta cikin rufin, a hankali, duk facinta sun dawo, da ƙunar kogo da ƙanshin sanyi da gumin masu rawa. Ta zauna a kafaɗun Baba Rahmin. Na rantse ta yi masa daidai, kamar don shi aka yanka. Ban gama ganin haka ba sai na ga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan kuma ya yi masa yawa. Na murza ido, ta sake yin daidai.

Ya kakkaɓe ta kamar wanda kiyashi ya hau. Ya ninke ta, ya sake ninkewa, har ta koma kamar ƙwayar wake, ya jefa a gwangwanin madara. Na ji ta yi ƙara irin ta gilashi.

"Baba, sunanka ne fa."

"Mai kaifi ce," ya ce. "In aka bar ta a sarari, yarinyar za ta taka. Duk zuwan da za ta yi sai ta taka."

"To in ce a'a?"

"Na ce ki zubar?"

"In ce e?"

"Miƙo mini ƙasa."

Ya juye gwangwanin a ramin. Na ɗebo ƙasa da hannu biyu, ina cewa Baba tsaya, ban gane ba, tsaya ka faɗa mini da baki. Ƙafata ta yi tsalle ta koma mazauninta, zafin ya soke ni har ƙwaƙwalwa, rufin lungun ya tsage, haske ya zubo.

"Yaya. Yaya Tasalla."

Mas'uda ce durƙushe a kaina, ana kiran la'asar. Na jiƙe sharkaf da gumi. Ta kwance tsumman ƙafata tana matsa wurin, daga waje kuma ina jin mai sassaƙa yana sauke kayan aikinsa a zaure.

"Ya zo," ta ce. "Me zan ce masa?"

Na ji bakina yana magana kafin hankalina ya iso.

"A sassaƙa. Amma a gindin dutsen, wajen da zai shige ƙasa."

Ta dube ni. "Wa zai gani a can?"

"Babu."

"To e kika ce ko a'a?"

"Ban sani ba, Mas'uda. Abin da aka ba ni ke nan."

Ta sunkuyar da kai ta ƙara matsa ƙafar. Na cije leɓe. Sai ga wani ɗan koren ɓalli ya fito, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ɗora shi a tafin hannunta ta miƙe, tana dube-dube.

"Kada ki yar a nan," na ce.

"Na sani," ta ce. "Sai hannu ya shige zuwa gwiwa."

Ta tsaya cak, kamar wani ne ya yi maganar da bakinta. Muka kalli juna. A zaure mai sassaƙa ya sake yin sallama, ba wadda ta amsa masa.